Dan Allah a zauna da yaranmu na ƙauye kafin su zaɓi jami'ar da za su karanta likitanci

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam min fili a jaridar nan in yi magana da iyaye da ɗalibai, musamman namu na karkarar Jigawa da Kano. Ni malamin Bayoloji ne a wata babbar sakandaren gwamnati a yankin Ringim, kuma abin da zan faɗa abu ne da yake ci min rai duk shekara in lokacin cike JAMB ya zo. Yaranmu suna da kai wallahi, akwai yaron da zai zana maka zuciyar mutum a allo ya faɗi sunan kowace jijiya alhali bai taɓa shiga lab mai kayan aiki ba, in ka tambaye shi me kake son zama sai ya ce likita, in ka ce a ina za ka karanta sai ya ce BUK ko ABU, shi kenan iya abin da ya sani kenan. Ba wanda ya taɓa zama da shi ya ce ga yadda ake shiga, ga yadda gurbin yake, ga abin da za ka duba. Ƙarshe zaɓin da zai juya masa rayuwa gaba ɗaya a cikin minti biyar ake yin sa a cibiyar rajista, layi na bayansa, mai kwamfuta na cewa yi sauri, wani lokacin ma mai kwamfutar ne zai zaɓa masa. Daga nan sai ka ga yaro ya ci maki mai kyau amma yana gida shekara biyu shekara uku yana sake JAMB, har ya gaji ya kama acaɓa ko ya tafi cirani, in mace ce kuwa a ce ai an gwada bai yiwu ba a yi mata aure.

Abu na farko da iyaye ba su sani ba shi ne likitanci ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne da jami'a za ta kwashi yawan da take so. Akwai hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita take yanke wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da dakunan gwajinta da gadajen asibitinta. To kaga dubban yara ne suke rububin kujeru ƴan kaɗan. JAMB makinta 400 ne, mai neman likitanci zai rubuta Ingilishi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan a WAEC ko NECO ana son kiredit a waɗannan huɗun haɗi da Lissafi, jami'o'i da yawa ma sai sun ga a zama ɗaya ka same su. Kuma wannan ƙaramin makin da ake sanarwa a rediyo a ce shi ne na shiga jami'a, dan Allah a daina ruɗar yara da shi, ba na likitanci ba ne ko kusa. Na sha ganin uba ya zo da murna ya ce ɗansa ya haye makin da aka faɗa, don haka likita ya samu, sai ka rasa ta inda za ka fara yi masa bayani ba tare da ka karya masa zuciya ba.

Sannan maganar zaɓi na farko da na biyu. Yara suna ɗauka in suka sa BUK a farko ABU a biyu to in wannan ta ƙi waccan za ta ɗauka. A likitanci kusan babu wannan, jami'ar da ka sa ta a na biyu ba ta ko gama da waɗanda suka sa ta a farko ba balle ta waiwaye ka. Don haka harsashi ɗaya ne da kai. Kuma jami'o'in tarayya suna da tsarin rabon gurbi, kashi 45 na waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina a ƙasar nan, kashi 35 na ƴan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a boko, Kano da Jigawa duk muna cikin wannan lissafin. Ma'ana ɗan Jigawa da ya sa jami'ar da ke yankinsa ƙofofinsa sun fi na wanda ya tsallaka ya sa Ibadan ko Legas don kawai ya ji an ce can ne ake karatu na gaske. Ni ban ce kar yaro ya yi buri ba, in makinsa ya kai ya je ko'ina Allah ya ba shi sa'a, amma ya san da wa zai kara kafin ya shiga.

Yanzu kuma Alhamdulillahi ba kamar da ba ne da in ba Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba to babu. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 tana da sashen likitanci kuma asibitin Rasheed Shekoni ya zama asibitin koyarwarta, ga Northwest a cikin Kano wadda aka taɓa kira Yusuf Maitama Sule, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare da aka kafa a 2021, wadda ga mutumin Gwaram ko Kafin Hausa ba wata tafiya ba ce. Yaranmu da yawa ba su ma san da su ba, ko kuma suna raina su don sababbi ne. To amma a nan ne kuma nake son a buɗe ido, domin sabuwar makaranta tana da nata abin dubawa. Izini iri biyu ne, akwai na NUC mai kula da jami'o'i, akwai na MDCN, kuma na MDCN ɗin mataki-mataki ne, ana iya ba makaranta izinin karatun farko na aji amma ba a kai ga ba ta na shiga asibiti ba tukuna. An taɓa yi a ƙasar nan ɗalibai suka maƙale a aji ɗaya shekara da shekaru suna jiran a zo a tantance makarantarsu, waɗanda suka shiga wasu jami'o'in tare da su har sun gama sun fara aiki. Don haka ko tsohuwa ce ko sabuwa, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, a shiga shafin MDCN a intanet a duba sunanta a jerin waɗanda aka amince da su, a ga wane irin izini ne da ita da kuma adadin da aka yanke mata. In babu mai babbar waya a gidan a je wajen malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin garin a roƙe shi ya duba. Ai ba wanda zai sayi gona bai je ya taka ta ya ga iyakarta ya tambayi maƙwabta ko akwai rigima a kanta ba, to wannan ɗin shekara shida ce ta rayuwar ɗanka.

In ni za a tambaya me ya fi komai muhimmanci a makarantar likitanci, zan ce asibitinta. Gine-gine masu fenti da ake nunawa a Facebook ba sa mai da mutum likita. Bara in ɗan faɗi yadda karatun yake don iyaye su gane. Shekarar farko kusan maimaicin kimiyyar sakandare ce a zurfafe, kuma nan ake fara tankaɗe, wanda bai kai makin da ake so ba ba zai haye ba ko da takardar shigarsa ta ce likitanci. Daga aji biyu zuwa uku ake shiga ilimin sassan jiki da yadda jiki yake aiki da sinadaran da ke cikinsa, a nan ne ake aiki da gawa, yaro zai sa hannu ya buɗe ya gani da idonsa, sai kuma babbar jarrabawar da suke kira 2nd MB wadda ita ce take mayar da mutane da yawa gida ko ta tura su wani kwas ɗin. Wanda ya haye sai ya shiga ilimin cututtuka da na magunguna, daga nan kuma rayuwarsa ta koma cikin asibiti, ɗakin yara, ɗakin haihuwa, tiyata, zagayen marasa lafiya da sassafe a bayan manyan likitoci, kwanan asibiti da daddare. To a wannan rabin na biyu abin da zai koya ya danganta da yawan marasa lafiyar da yake gani da kuma ƙwararrun da suke tsaye a kansa. Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 ko na Shika a Zariya, mutum zai ga cuta kala-kala da wani sai dai ya karanta a littafi, shi ya sa ake rububinsu kuma da gaskiyar masu rububin. Amma ƙaramin asibiti mai cike da marasa lafiya da ɗalibai kaɗan shi ma yana da nasa amfanin, don hannunka zai fi kaiwa ga aiki. Abin tambaya dai, asibitin na makarantar ne ko aro take yi, akwai manyan likitoci zaunannu ko sai an ɗauko su daga wani gari sati-sati. Wannan amsar ba ta cikin takardar talla, ɗalibin da ke aji huɗu ko biyar a can shi zai faɗa maka gaskiya, a neme shi.

Sai kuɗi, wanda shi ne muke jin kunyar faɗa sai an shiga an rasa yadda za a yi. Shekara shida ce in komai ya tafi daidai, kuma mun ga yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan an gama akwai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti kafin a ba ka cikakken lasisi, sannan bautar ƙasa. Ɗalibin likitanci kuma ba shi da lokacin da zai ce bari in ɗan taɓa sana'a in samu na abinci kamar yadda ƴan sauran kwasa-kwasai suke yi, hutunsu ma gajere ne, lokacin da kake sa ran zai dawo ya taya ka noma yana can yana jarrabawa. Kuɗin rajista shi kowa yake lissafawa, amma abin da yake karya manomi shi ne na yau da gobe, abinci, ɗaki, kuɗin mota, littattafai masu tsada, hoton takardu, waya da data. Kuma a wurare da yawa asibitin daban harabar jami'ar daban, kamar a Kano asibitin yana titin Zariya jami'ar tana can hanyar Gwarzo, a Zariya ma Shika daban Samaru daban, to in yaro bai samu ɗaki a kusa ba kuɗin adaidaita kaɗai ya ishe shi. Wannan ne ya sa nake cewa kusa da gida ba abin rainawa ba ne ga talaka. Yaron da ke Dutse ko Kano ana iya ba direban garinku ƙullin gero da wake da ƙuli da ɗan man gyaɗa ya miƙa masa ranar kasuwa, in ba shi da lafiya uwarsa ta je ta dawo a yini ɗaya. Wanda ke Maiduguri ko Sakkwato kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya kai abincin sati nawa. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a cikinsa kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne, yana biyan kuɗin makaranta har da ɗan na kashewa, a nema, haka ma sukolashif na jiha a cike. Amma kar a gina lissafin shekara shida a kansu kaɗai, a zauna da kawunnai da baffanni tun yanzu a san wa zai ɗauki me.

Maganar fita waje kuwa, nan ne na fi jin tsoro. Yanzu akwai dillalai har ƙauye suke shigowa, ko ta WhatsApp, su ce ba sai da JAMB ba, ba yajin aiki, kawo kaza mu sama wa ɗanka gurbin likitanci a ƙasa kaza. Mutum ya sai da gona ko shanun huɗa ya biya shekarar farko, bai lissafa cewa da dala ake biya ba kuma naira kullum ƙasa take yi, shekara ta uku ta gagara. Mun ga abin da ya faru da yaranmu da ke Sudan lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, da ƙyar aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan, wasu suna dab da gamawa, aka dawo ana neman inda za a cusa su. Kafin nan ga na Yukren a 2022, inda MDCN ta fito ta ce ba za ta karɓi likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. A farkon 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ake sayen kwali a Kwatano cikin ƴan makonni. Kuma ko makarantar ta ƙwarai ce, duk wanda ya karanto likitanci a waje sai ya zauna jarrabawar MDCN ya ci kafin a bar shi ya taɓa mara lafiya a Najeriya, ba kowa yake hayewa a karon farko ba. Akwai makarantu masu kyau a Masar da Indiya da sauransu, akwai likitocinmu nagari da suka fito daga can, wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ko mai hali ne ya je. Amma wanda sai ya sai da abin da gidan yake ci da shi, wallahi ina ba shi shawara ya tsaya ya sake JAMB.

Ƴaƴa mata kuma nasu ya fi buƙatar a zauna. Kowa a ƙauye ya san matan da suke ƙin zuwa asibiti ko mazansu su hana su don namiji ne zai duba su, har naƙuda ta yi tsawo a kai ga yoyon fitsari, wanda saboda shi ake kai mata asibitin Jahun. Muna kukan babu likitoci mata amma mu ne muke janye yarinya a aji uku. Uban da zai bar ƴarsa ta karanta likitanci a gaya masa komai tun farko, za ta yi aiki da gawa, za ta duba maza, za ta kwana a asibiti in aikin dare ya faɗo kanta, don kar sai an yi nisa wani ya kawo masa labari a majalisa ya ce shi bai san da haka ba. A duba makarantar da ke da ɗakin kwanan mata a cikin asibiti ko dab da shi, da garin da ake da ɗan uwa na amana. In akwai maganar aure a yi ta a fili da manemin, da yawa sun yi aure suna cikin karatun kuma sun gama lafiya, amma sai in mijin ya yarda da zuciya ɗaya kuma makarantar tana inda zaman zai yiwu. Nan ma kusancin ya sake shigowa.

Wani abin da yake cin yaranmu shi ne canjin kwas. Yaro ya nemi likitanci sai ya buɗe CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa, ya ga an ba shi Anatomi (ilimin sassan jiki) ko Fiziyoloji (yadda jiki yake aiki) ko Bayoloji, wani ya ce masa karɓa kawai in ka shiga za ka koma likitanci. Komawar nan tana da wuya ƙwarai, kaɗan ne suke samu, kuma digirin Anatomi ilimi ne mai daraja amma ba ya ba ka lasisin duba mara lafiya. Wanda ya karɓa ya karɓa da saninsa. In burin shi ne aikin asibiti, to ga aikin jinya, ga haɗa magunguna, ga gwaje-gwajen jini, ga ɗaukar hoto, ga gashin ƙashi, ga haƙori da ido, duk BUK tana yin su kuma kowanne sana'a ce mai lasisinta. Ga makarantar jinya ta Birnin Kudu, ga ta kimiyyar lafiya a Jahun, ga ta ungozoma a Dambatta. Mu a ƙauye ai waɗannan ne ma suke riƙe da mu dare da rana. Wanda kuma ya ce shi sai likita, akwai hanyar IJMB, wato karatun share fagen jami'a, a shiga aji biyu kai tsaye, sai dai ita ma gurbinta ƙunci ne da shi, sai wanda ya fito da sakamako na gani na faɗa.

Kar in manta da ƙananan abubuwan da suke jawo babbar asara. Yaro ya yi rajista da layin wayarsa na kansa wanda ba zai yar ba, kar ya yi da na mai shago ko na aboki, don duk saƙon JAMB ta nan zai zo. Sunan da ke NIN ya zama daidai da na WAEC da NECO harafi da harafi, haka ranar haihuwa, mu nan an saba yau a rubuta sunan uba gobe a rubuta sunan gari. A tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, a sa ido a kan ranar tantancewar jami'ar da aka zaɓa don ba wanda zai biyo ka ƙauye ya gaya maka. In sakamako ya fito aka ga makin bai kai na inda aka sa ba, JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas, a yi da wuri. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi zai saka sunan yaro a likitanci, gurbin da bai fito ta CAPS ba ba gurbi ba ne.

Kirana na ƙarshe ga likitocinmu ne ƴan asalin ƙauyukan nan, da yawanku makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Taura da irinsu ne suka yaye ku, kun san daga inda kuka fito. In kun zo gida hutun Sallah ko ɗaurin aure dan Allah ku ware awa ɗaya ku shiga sakandaren garinku ku zauna da ƴan aji shida da iyayensu, abin da za ku faɗa a awa ɗayan nan mu malamai ba mu da shi don ba mu bi ta hanyar ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari su ma su sa wannan a cikin aikinsu kamar yadda suke sa gyaran rijiya da maƙabarta. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon kafin a buɗe rajistar JAMB mai zuwa jaridarku ta samo jerin makarantun likitancin da MDCN ta amince da su a Arewa da adadin da aka yanke wa kowacce, ku buga shi da Hausa a shafi guda. In kun buga ni zan yanke shi in manna a allon sanarwar makarantarmu, in kuma kai wa limamin Juma'a kwafi ya sanar da iyaye.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Malamin Bayoloji daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa